Abin da Ya Ci Karsanar Kaltume

Idan ka je Unguwar Marke, can kudu da Burumburum inda gonakin masara suke ƙarewa dajin Falgore ya fara, ka ce kana neman Hamidu, za a tambaye ka wane Hamidun, don suna da yawa. Amma kana cewa Hamidu Mai-Sawu, ko matar da ke daka a tsakar gida za ta nuna maka ƙofarsa da taɓarya. Dogo ne siriri, ya haura sittin, kuma kullum kansa a sunkuye. Baƙo sai ya ɗauka kunya ce ko ladabi. Ina! Ƙasa yake karantawa. Mutumin nan ko Idi zai tafi, sai ya gaya maka akuyar wa ta riga ku bin hanyar, kuma da wace ƙafa take ɗingishi.

Ba a nan aka haife shi ba. Garinsu yana ƙarƙashin ruwan Tiga, da masallacinsa da kasuwarsa da kaburburan kakanninsa. Lokacin da aka tashe su yana yaro, dangi suka zauna a bakin dam, wasu suka koyi kamun kifi, wasu suka kama noman rani. Ubansa Adamu kuwa maharbi ne, ya ce shi bai iya farautar abin da ba ya barin sawu ba. Ya ɗora kayansa a jaki, ya sa iyalinsa a gaba, da Hamidu a ƙasa da ƙanwarsa Kaltume a goye, suka yi ta kudu har sai da daji ya tare su.

A dajin nan Adamu ya koya wa ɗansa abin da ya zama sana'arsa, ya kuma zama wahalarsa. Ya ce masa zaki da damisa daji ɗaya suke kwana, rafi ɗaya suke shan ruwa, amma ba kasafai suke karo ba, saboda abincinsu ba ɗaya ba ne. Zaki babba ne, babba yake nema: ɓauna, gwanki, kanki, in yunwa ta matsa masa saniya. A fili yake kayarwa, a ƙasa yake ci, ya kwanta kusa da namansa yana gadi. Damisa kuwa gada take ci, da mazo, da gwaggon biri, in ta shigo gari ta ɗauki akuya, iyakar ƙarfinta ɗan maraƙi. A maƙogwaro take kamawa, ta ja abin ta hau bishiya da shi. Kura ba ta da zaɓi, abin da aka bari shi take kwashewa har ƙashi. Hamidu ya haddace wannan kamar karatun allo, bai taɓa tunanin akwai ranar da za a wanke allon ba.

Da aka hana farauta a dajin sai ya koma noman masara kamar kowa, amma ilimin bai kwanta ba, don akwai inda ake buƙatarsa. A wajen nan manomi ba ya ajiye saniya a gida, Bafulatani yake ba wa amanar kiwo. To in wani abu ya kashe dabbar amana, makiyayi yakan yanko wutsiya da kunnen da ke da shaida ya kai wa mai ita, sannan a kira Hamidu ya je ya duba gawar. In ya ce daji ne ya ci, shi ke nan, sai a ce Allah ya mayar da alheri, kowa ya kama gabansa. In kuwa ya ce da hannun mutum a ciki, to sunan makiyayin ya mutu a yankin, ko kaza ba mai sake ba shi. Shekara da shekaru yana wannan aiki, ba a taɓa jin ya yi inda-inda ba.

Sai dai yana da hali guda, ba ya iya riƙe karatunsa a ciki. A ƙofar masallaci, a wurin suna, a bakin kasuwa, da ka ba shi fuska sai ya ɗauko maka abincin zaki da na damisa. Matarsa Tasalla takan ce ko tuwo ta ajiye masa, sai ta ji abin da damisa ta fi so kafin ya sa hannu. Har ta kai kowa a garin ya haddace, wanda bai taɓa ganin ko muzurun daji ba ma zai iya gaya maka damisa ba ta taɓa babbar saniya. Shi kuwa rabonsa da jin kukan zaki tun kafin ya yi aure. Ɓauna ta ƙare, gwanki ya zama labari, gada ma sai an yi sa'a. Yana gani da idonsa, amma bai taɓa zama ya tambayi kansa abin da masu ci suke ci yanzu ba.

Abokinsa na ƙut da ƙut shi ne Atiku, Bafulatanin da rugarsa ke gindin dutse, yana kiwo yana kuma noman masara. Tun suna samari suke tare. Atiku yana kiransa Kaɗo, shi yana kiransa Fillo, su yi ta zolayar juna har a gaji da su. Shanun garin kusan duk a garkensa suke, ciki har da farar karsanar Kaltume. Ita ce abin da ya zo hannunta na gado da mijinta ya rasu, ba ta da wata dukiya bayan ita. Takan tafi rugar takanas da dusa a ƙwarya, ta tsaya tana kallonta tana lissafin 'ya'yan da za ta haifa.

Wata safiya a ƙarshen damina, bayan an kwana ana tafka ruwa, sai ga Atiku a ƙofar gidan Kaltume da farar wutsiya da kunne a hannu. Ihun da ta yi shi ya fito da Hamidu daga gidansa ko hula babu.

Atiku ya ba da labari a tsaye. Jiya da la'asar, ya ce, yana kaɗo shanu daga rafi ga hadari ya haɗo, sai ya ga babu karsanar. Ya koma da karensa. Karen ya yi haushi, ciyawa ta motsa, wani abu ya shige duhuwa, bai ga ko wutsiyarsa ba. Ya tarar da karsanar a kwance, jini na zuba daga wuyanta, tana shure-shure da sauran numfashi.

"Sai ka yi yaya?" in ji Hamidu.

"Sai na juya ta gabas na yanka mana. In tsaya ina kallo ta zama mushe?"

Hamidu ya sake tambaya, "A ina ka sa wuƙar?"

"A wuya mana, Kaɗo. A ƙafa ake yanka?"

Atiku ya ce ya rufe ta da rassa, don shi kaɗai ne ga garke ga ruwa ya sauko, da niyyar da safe a zo a kwashi nama. To, kowa ya san abin da Atiku ya yi shi ne abin da kowane Musulmi zai yi. Amma Hamidu ya san inda haƙoran damisa suke sauka, ya kuma san inda wuƙa take bi, wuri ɗaya ne.

Suka ɗunguma zuwa rafin, shi da Atiku da Mai Unguwa Bature da 'yan rakiya masu son ganin ƙwaf. Kai, abin ba kyan gani. Kura ta riga su, ta watsa rassan, ta farke ciki, ta tauna haƙarƙari. Cinyoyi biyu babu su babu alamarsu. Angulaye sun taru suna jiran a ba su wuri. Abin da ya rage lafiyayye shi ne kai da wuya, ga yanka nan shar, mai kyau, kamar na ranar Layya.

Hamidu ya durƙusa. Ya buɗa yankan da yatsa, ya ga wani ɗan rami a gefensa. Haƙori ne? Zai iya zama haƙori. Zai kuma iya zama tsinin wuƙa ne ya zame. Ya juya fatar kafaɗa, ga ƙarce-ƙarce guda uku. Farce ne, ko kuwa ƙayar da aka ja gawar a kai? Ya ɗaga kai ya dubi bishiyoyin wurin ɗaya bayan ɗaya, babu nama a rataye, babu jini a reshe. Ya zagaya neman sawu, ruwa ya share ƙasa tas. Can a ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa ya sami guda ɗaya tak. Babu alamar farce a gabansa, don haka ba na kura ba ne, ba kuma na kare ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kai. Ya yi wa damisa girma. Ya yi wa zaki ƙanƙanta. Ko taɓo ne ya buɗa shi? Ko ɗan zaki ne? Ɗan zaki daga ina, alhali ba uwa ba uba? Ya cire hannu, ya sake mayarwa, kamar sawun zai canza shawara.

"Malam Hamidu, me ka gani?" in ji Mai Unguwa.

"Ranka ya daɗe, a bar ni tukuna."

Mutane suka dubi juna. Ba a taɓa jin tukuna a bakinsa ba.

Kafin su dawo gari magana ta riga su. Wani ya ce ranar kasuwar Doguwa ta kusa, kuma mahauta ba sa tambayar cinya daga ina ta fito. Wani ya ce dama dajin nan ɓarayin shanu sun sha ratsa shi, wa ya san wanda ke hulɗa da wa. Ba wanda ya taɓa kama Atiku da ko igiya, amma yanzu kowa ya tuna wani abu. Hamidu ya shiga gida ya zauna, Tasalla ta ajiye masa abinci ya huce a gabansa. Ta ce, "Malam, yau damisar ba ta da labari ne?" Da ta ga fuskarsa sai ta koma madafi.

Kaltume ta shigo idanu jawur, ta zauna a bakin ƙofa. "Yaya, ni gaskiya nake so. In daji ne na haƙura, in mutum ne ka gaya mini. Kada ka duba abota."

"Ke kin taɓa ganin na duba abota?"

"To mene ne?"

A ransa yana ta juya abin. In zaki ne, komai ya zauna daidai, babba ya ci babba, a ƙasa, a fili. Amma ya ce zaki a bainar jama'a, a zamanin da ko mafarkinsa an daina yi? Dariya za a yi, a ce Fillo ya saye shi da nono. In damisa ce, to ubansa ya yi ƙarya ke nan, shi ma ya shekara arba'in yana yaɗa ƙarya. In kuma ba ɗayansu ba ne, saura wuƙa. Nan ne yake tsayawa, kansa ya ɗau zafi, ya koma farko.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar Mai Unguwa. Atiku yana zaune a gefen tabarma, sandarsa a kwance a gabansa, ya ƙura wa abokinsa ido kamar mai jiran a kira sunansa a asibiti. Mai Unguwa Bature ya yi gyaran murya.

"Malam Hamidu, jama'a na sauraronka. Me ya ci karsanar Kaltume?"

"Ranka ya daɗe, akwai alamar damisa."

Wani manomi mai suna Hafizu, wanda ke da shanu biyu a garken, ya yi caraf ya ce, "Haba Malam! Kai da bakinka ka koya mana iyakar damisa ɗan maraƙi. Karsanar nan ta isa barbara fa. Kuma ka ce damisa bishiya take hawa da namanta. Ka ga nama a bishiya?"

"Ban gani ba."

"To zaki ne?"

"Sawun bai kai ba."

"Kura ce ta kashe?"

"Kura daga baya ta zo."

"To wuyan fa, me ya yanka shi?"

"Wuƙa."

Wallahi ba abin da Hamidu ya faɗa da ba gaskiya ba, amma ya ji kamar kowace amsa dutse ce yake ɗora wa Atiku a ka. Ya so ya yi bayanin ɗan ramin nan, ya fara, ya ga shi kansa bai gamsu ba, ya bari. Mai Unguwa ya sake tambaya a hankali, daji ne ko hannun mutum. Hamidu ya dubi ƙasa, inda ya saba samun amsa, ba komai sai sawun takalman jama'a.

"Ranka ya daɗe, ban sani ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Mai Unguwa mutum ne mai adalci, ya ce tunda ba shaida ba za a ɗora wa kowa laifi ba, a tashi. Aka shafa fatiha. Atiku ya ɗauki sandarsa ya tafi, bai yi wa kowa sallama ba.

Ba a ɗora masa laifi ba, amma washegari Hafizu ya je ya kwance shanunsa, wai zai yi musu allura. Wani ya ce zai sayar da tasa. Wata ta ce ɗanta ya dawo, shi zai yi kiwon. Kowa da uzurinsa mai kyau, kowa da igiyarsa a hannu. Kafin mako ya zagayo garken Atiku ya koma 'yan nasa na kansa, matansa suka daina shigowa gari da nono, don ba mai ɗaga kai ya taya.

Hamidu kuwa ya bar gonarsa ya shiga daji. Tunaninsa ɗaya ne, in ya gano dabbar, komai zai gyaru. Rugar Atiku tana kan hanyarsa, yana hango hayaƙinta kullum, amma sai ya kauce ta bayan dutse. Ya ce ba zai je hannu rabbana ba, sai da hujja. Tasalla ta ce masa, "Malam, ka je ka gaishe shi mana, gaisuwa ai ba ta buƙatar sawu." Ya ce ita ba ta gane aikin ba.

Abin da ya gani a yawon nan ya ƙara rikita shi. Inda ubansa yake nuna masa garken kanki, yanzu ramukan masu gawayi ne. Ya yini yana tafiya bai ga kashin gada ko ɗaya ba. Ya tsaya ya riƙe ƙugu. To in akwai damisa a nan, me take ci? Iska?

Sai da masara ta fara bushewa ya dace. A kan wani faffaɗan dutse sama da rafin ya sami kashin damisa, busasshe, wannan kam ba ya shakka. Ya tsuguna ya farfasa shi da tsinke. Ga gashin gafiya. Ga gashin kaza, kazar gida! Ga wani ɗan farce da ya rantse na kare ne. Damisa, wadda ubansa yake ambata da girmamawa, ta koma cin ɓera da kajin mutane. Sannan a cikin wani dunƙule daban, ga farin gashi gajere, cunkus.

Ya ɗaga gashin a rana. Na saniya ne? Ya yi kama. Farin rago ma haka nasa yake, farar akuya ma. Ya murza, ya sansana, ya sake dubawa, bai ƙaru da komai ba. Amma dabbar da yunwa ta kai ta ga cin kare, me zai hana ta gwada karsana? Ta kayar, ta kasa ɗauka, kare ya kore ta. Zai yiwu. Zai yiwu ƙwarai. Ya tsinko ganyen kargo ya ƙunshe abin a hankali, ya gangaro da sauri har yana tuntuɓe, wannan karon ya miƙe zuwa rugar.

Ya tarar an rushe bukkoki. An ɗaure tukwane da ƙore a kan jakai, mata sun yi gaba da 'yan shanun da suka rage. Masarar Atiku tana tsaye a gona ba a karya ba. Shi kansa yana ɗaure tabarma ta ƙarshe.

"Fillo! Tsaya, tsaya ka gani!" Hamidu ya durƙusa yana haki, ya buɗe ganyen a ƙasa. "Kashinta ne. Dubi, kaza, kare, komai take ci yanzu. Ga farin gashi. Ban ce tabbas na karsanar ba ne, amma zai iya zama. Mu je wurin Mai Unguwa, in yi musu bayani, abincinsu ne ya canza, ni ne ban lura ba."

Atiku ya dubi ganyen, ya dubi abokinsa. Babu fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Malam Hamidu," in ji shi. Bai taɓa kiransa haka ba. "Har yanzu damisa kake nema?"

"To ai ita ce maganar."

"Ni ban ji haushin ka ce ba ka san dabbar ba. Ni ma da na tsaya a kanta ban san ta ba. Amma ranar nan ina zaune a gabanka. Dabbar ce ba ka sani ba, ni ai ka san ni. Da ka ƙara da cewa Atiku ba ya cin amana, ko ba wanda ya yarda, da na zauna na ci masarata."

Hamidu ya so ya ce ba a tambaye shi wannan ba, sai ya ji yadda maganar za ta fito, ya haɗiye ta. Abin ya soke shi har cikin rai, don tunda aka fara rigimar nan bai taɓa zargin Atiku ba ko na ƙiftawar ido, kuma bai taɓa faɗa wa kowa haka ba.

"Ina za ku?" Abin da ya iya cewa ke nan.

"Inda ba a san mu ba." Atiku ya ja igiyar jakin. "Masarar nan, in ta gama bushewa, a karya a kai wa Kaltume."

Ya bi bayan iyalinsa. Hamidu ya miƙe da ƙunshin ganyen a hannu, ya bi su 'yan taku ya tsaya, ya juya wajen gari ya sake tsayawa. Har jakan suka sha kwanar dutse yana nan a tsakiyar tsohon garken, bai san wa zai kai wa abin da ke hannunsa ba.